Libiya: wane zaɓe kuma, alhali bindiga na hannun kowa?

A watan Agustan 2025 Hanna Tetteh, wakiliyar Majalisar Ɗinkin Duniya a Libiya, ta gabatar wa Kwamitin Sulhu sabon jadawali: a gyara hukumar zaɓe, a kafa gwamnati ɗaya, a kaɗa ƙuri'a cikin wata 12 zuwa 18. Haushi abin ya ba ni. Wata uku kafin nan, ranar 12 ga Mayu, aka bindige Abdulgani Kikli, madugun mayaƙan unguwar Abu Salim, a barikin wata runduna mai biyayya ga Firaminista Dabaiba. Wanda aka kashe da waɗanda suka kashe shi duk jami'an tsaron hukuma ne a takarda, duk baitulmali ɗaya ke biyan su. Tarabulus ta kwana cikin rugugin manyan bindigogi. A nan ne za a jera akwatunan zaɓe?

Masu wannan ra'ayi sun bar jaki suna dukan taiki. Libiya ta yi zaɓe a 2012, ta sake a 2014, abin da ya biyo baya shi ne majalisa biyu, gwamnati biyu da yaƙin basasa. Na 24 ga Disamban 2021 kuwa ana saura kwanaki kaɗan ya rushe, saboda Haftar, madugun sojan gabashin ƙasar, da Dabaiba da Saiful Islam ɗan Gaddafi duk sun fito takara, kuma babu wanda ya shirya miƙa wuya idan ya faɗi. Me ya canza tun daga lokacin?

Ciwon ya girmi 2011. Libiya ba ta taɓa samun soja ɗaya da shugabanta ya amince da shi ba. Sarki Idris, da ya karɓi mulki a 1951, ya fi dogara da dakarun yankinsa na Barka da ke gabas a kan sojan ƙasa, kuma tsoronsa ya tabbata ranar 1 ga Satumban 1969, da sojoji suka kifar da shi. Gaddafi da ya hau ta wannan hanya ya san haɗarinta fiye da kowa. Bayan yunƙurin kifar da shi a 1975 da na hafsoshin ƙabilar Warfalla a 1993, sai ya bar soja ya lalace da gangan, ya tara makamai masu kyau a hannun rundunonin 'ya'yansa da danginsa, irin ta ɗansa Khamis.

A duba abin da ya faru da sojan Libiya a Wadi Dum da ke arewacin Cadi a 1987. Sojan da ke da tankoki da jiragen yaƙin Rasha, 'yan Cadi a motocin Toyota buɗaɗɗu suka tarwatsa shi. Cikin waɗanda aka kama akwai wani kanar mai suna Khalifa Haftar. Gaddafi ya nuna bai san da zamansu ba. Haftar ya ƙare a Amurka, ya yi kusan shekara 20, ya dawo, ya kai wa Tarabulus hari a Afrilun 2019, jiragen Turkiyya marasa matuƙi suka kora shi. Yau me yake yi a Bengazi? Yana ɗora 'ya'yansa, Saddam da Khalid, a kan rundunar da yake kira ta ƙasa. Darasin maigidan nasa na dā ya haddace, bai bar ko wasali ba.

Na san 'yan uwanmu da ke cika Facebook da hotunan Gaddafi za su ce NATO ce ta jawo komai. Ta yi ɓarna, babu musu, har Najeriya ta ɗaga hannu a ƙuduri mai lamba 1973 da ya ba ta dama, amma ba NATO ce ta kashe fursunoni sama da 1,000 a kurkukun Abu Salim a 1996 ba.

Gaskiyar da jami'an diflomasiyya ke kauce wa ita ce rashin zaɓen nan riba ne ga masu bindiga. Man fetur yana fita, Babban Banki yana raba albashi gabas da yamma, kowane madugu da tashar jiragensa ko ma'aikatarsa. Da aka taɓa kujerar gwamnan bankin a Agustan 2024, nan take gabas ta rufe rijiyoyin mai. Wa ya taɓa rufe rijiya don an hana talaka zaɓe?

A fara da toshe albashin duk rundunar da ta ƙi shiga ƙarƙashin kwamanda ɗaya, a kuma matsa wa Turkiyya, Rasha da Daular Larabawa su kwashe nasu-ya-nasu. Mu da makaman rumbunan Gaddafi suka ratso hamada suka iske mu, daga arewacin Mali har bakin Tafkin Cadi, muna da hakkin mu ce wa Tarayyar Afirka ta daina sa hannu a kan jadawalin da bai taɓa albashin mayaƙa ba.