Ranar da -1 ta tara wa Hajiya bashi

Kun dai san manhajar bashin da na haɗa wa Alhaji mai shagon atamfa. Ranar gwaji ya tara yaransa, ya ce a fara da Hajiyar nan mai ɗaukar kaya, don albarka. Na shigar mata turmi biyu, na danna. Allo ya ce: "Ba a adana ba."

Na yi murmushin masana, na ce matsalar intanet ce. Yaron nan mai hular sanyi ya ce, "Oga, ba kai ka ce ba ta buƙatar intanet ba?" Na yi kamar ban ji ba, na sake dannawa. Alhaji ya gyara gilashi, ya ce, "Kawo in sa hannu." Ya danna da bisimilla. Hajiya ma ta sa yatsa. Zufa na bin bayana, ga fanka a kaina.

Sai na buɗe tebur a SQL Server, inda manhajar ke ajiye bayanai, don in nuna musu ba komai ya shiga. Jama'a, komai ya shiga! Kowace dannawa turmi biyu. Hajiya ta leƙo ta ga jimilla, ta dafe ƙirji: "Ɗan nan, yaushe na kwashe rabin shago?"

Ashe mutuminku, abokin aikina wanda ba ya taɓa aiki sai da dare, shi ya ƙara SET NOCOUNT ON, mai hana a faɗi yawan layukan da aka taɓa, a furosijan, wato jerin umarnin da ke shigar da bashi a tebur, wai don sauri. Ita kuwa ExecuteNonQuery, wadda manhaja ke kiran furosijan da ita, ba ruwanta da lambar da furosijan ya dawo da ita ta RETURN, yawan layukan da aka taɓa take kawowa. An hana ta ƙirga, sai ta miƙo -1, manhaja kuma na jiran abin da ya fi sifili kafin ta ce an adana. Furosijan kansa yana ta dawo da 0, wato lafiya lau, ba mai sauraronsa, tunda ba a sa masa faramita ta ReturnValue, mai karɓar wannan amsar, ba. Da na kira mutumin, cewa ya yi, "Ai a wajena yana aiki."

Amma ni mai hular sanyi ne ya fi tsaya min a rai. Yaron da lissafin yadi biyar sai ya ɗauko kalkuleta, shi ne yana tsaye a kaina yana cewa, "Oga, kashe ka kunna." A watan Afrilu, a Kano, da hular sanyi! Yanzu ko a masallaci muka haɗu sai ya ɗaga min yatsa ɗaya yana dariya ƙasa-ƙasa.

Hajiya dai ta ce nata a ci gaba da rubutawa a littafi. Cikon kuɗina kuma Alhaji ya ce sai bayan Sallah, bai faɗi wacce ba.