Murya gado ce, amma iya rera waƙa koyo ne

Sau da yawa idan yaro ya ɗaga murya ya kauce wa kari, sai a ce masa ya yi shiru, Allah bai ba shi baiwar ba. Wannan hukunci ya cika gaggawa, kuma ya rufe bakin mutane da dama da za su iya.

Abin da ake gada shi ne kayan aikin. A cikin maƙogwaro akwai tantani biyu da iskar huhu ke kaɗawa. Na babban namiji tsawonsu kan kai milimita 17 zuwa 25, na mace kuwa bai cika wuce 17 ba. Tsawonsu da kaurinsu, haɗe da girman kogon baki da na maƙogwaro, su ke sa wata murya kauri, wata siririya. Wannan kam ba a sauya shi.

Amma fitar da daidai sautin da kunne ya ji aikin tsoka ne da ƙwaƙwalwa, kuma tsoka tana jin horo. Waɗanda aka haifa ba sa bambance hawa da saukar sauti ba su wuce 4 cikin 100 ba. Sauran suna ji sarai, maƙogwaronsu ne bai saba bin kunne ba.

Gyara daga numfashi yake farawa. Mai koyo ya ɗora hannu a haƙarƙarinsa na ƙasa ya ja iska. Idan kafaɗa ce ta ɗaga, iskar ba ta sauka ba, kuma za ta ƙare a tsakiyar baiti, sai wuya ya ɗau nauyin, murya ta shaƙe. Ya riƙa sakin iskar a hankali da "sss" har daƙiƙa 20. Daga nan ya ɗauki sauti ɗaya tak daga abin kiɗa, ya bi shi baki a rufe, yana hawa yana sauka har su haɗu. Ya naɗi muryarsa a waya ya saurara, domin abin da mutum ke ji ta ƙasusuwan ƙoƙon kansa ba shi ne abin da jama'a ke ji ba. Minti 15 kullum ya fi awa uku rana guda a mako.

Babban kuskure shi ne tilasta wa murya hawa inda ba ta kai ba. Tantanin kan riƙa bugun juna da ƙarfi, su kumbura, har ƙullutu ya fito. A sauko da sautin waƙar ƙasa, a sha ruwa, a huta. Dishewar da ta wuce mako uku kuwa sai a kai ta gaban likitan kunne, hanci da maƙogwaro.