Mun taru a kan ɓarawon mota, maganar gudu kuwa aka yi shiru

Juma'ar da ta wuce aka ɗauke Corollar maƙwabcina a bakin masallaci, nan Rijiyar Zaki a Kano. Ya ajiye ta ya shiga sahu, kafin liman ya sallame ta yi ɓatan dabo. Ya fito da makulli a hannu yana ta zagaye, har yana tambayar mai rake ko dai ba nan ya ajiye ba. Allah ya mayar masa da alheri.

Daren ranar ƙofar gidan mai unguwa ta cika. Shawarwari kam an kawo masu kyau. Bakaniken layinmu ya ce tsofaffin Corolla da Camry ɓarayi suka fi so, don kayansu na da kasuwa, a dare ɗaya za a kwance mota a sayar da ita gunduwa-gunduwa. Ya ce a sa ɓoyayyen makunni mai yanke wutar famfon mai, ko an buɗe ƙofa mota ba za ta tashi ba. A sayi ƙarfen kulle sitiyari, ga shi nan a kasuwar Ƙofar Ruwa, ɓarawo ba ya son abin da zai ɓata masa lokaci. Mai hali ya sa tiraka, na'urar da ke nuna inda mota take. Takardun mota na asali kuma a bar su a gida. Nan take aka yi karo-karon geti da kuɗin 'yan sintiri.

Sai na ce: "Ranka ya daɗe, tunda an taru, a taɓa maganar gudu a cikin layi." Wallahi kamar ruwa ya cinye kowa.

Na san dalili. Ɓarawo baƙo ne, zaginsa ba wuya. Mai gudun kuwa ɗanmu ne. Yaro ɗan shekara 15 a ba shi makulli wai ya wanke mota, sai ka gan shi ya shawo kwana da ƙura, alhali doka ta ce sai shekara 18 ake ba da lasisi. Ga masu adaidaita sahu da ke ratsowa ta lungu don kauce wa cunkoso. 'Yan kai amarya kuwa ba a magana. Kuma duk da la'asar, lokacin da 'yan Islamiyya ke tasowa, wannan na jan hannun ƙaninta, wancan na bin ƙwallo ba ya kallon gabansa. 'Yan KAROTA, masu kula da zirga-zirgar ababen hawa, tun 2012 suke kan titunan Kano, amma a manyan hanyoyi suke, ba mai zuwa ya tsaya mana a lungu.

Ni ma ba na cire kaina. Bara ina fitowa da baya daga gareji, madubi bai nuna min komai ba, sai ihun mai shago na ji: "Alhaji, birki!" Yarinyar maƙwabta ce tsugune a bayan taya tana tsintar murfin kwalba. Na daɗe a zaune ƙafata na rawa. Tun ranar ba na tayar da mota sai na zagaya ta da ƙafa.

An riga an kira mai walda ya auna geti. Tudun rage gudu kuwa an ce sai zama na gaba, wai yana kashe ƙasan mota. Na sayi siminti buhu biyu na ajiye a zaure, wanda ke da yashi ya yi min magana.