Ba da shaida ba gulma ba ce

Assalamu alaikum 'yan'uwana na Nima, Mamobi, Madina da sauran zangunan Accra.

Mun ƙware wajen sakaya suna. Cin hanci mun mai da shi "na goro", wanda ya tona kuma mu ce masa magulmaci. Alhali Manzon Allah (SAW) ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa. Da Ibnul Lutbiyya ya dawo daga karɓar zakka yana cewa wannan naku ne, wannan kuwa kyauta aka ba ni, a kan mumbari Annabi ya yi maganar: me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya gani ko za a kawo masa kyautar?

Shirun mutanen kirki ya fi damuna. Za ka ga mutumin sahun gaba, ya san an cinye kuɗin gyaran magudanar ruwa, ruwa ya shiga ɗakunan maƙwabta, amma ya ce shi rufin asiri yake yi. Asirin wa? Allah Ya ce a Baƙara, aya ta 283, kada mu ɓoye shaida, wanda ya ɓoye ta zuciyarsa mai zunubi ce. Imam Nawawi ma ya lissafa neman taimako don kawar da ɓarna cikin wuraren da ambaton laifin mutum ya halatta.

Na san akwai tsoro, kuma ban raina shi ba. A nan Madina aka harbe ɗan jarida mai binciken cin hanci Ahmed Hussein-Suale a Janairun 2019. Allah Ya jiƙansa.

Amma mu san haƙƙinmu. Tun 2006 Ghana take da dokar kare masu tona asiri, mai lamba 720. Ta hana a kore ka daga aiki ko a muzguna maka don ka faɗi gaskiya. Ba sai ka iya rubutu ba, da baki ma ana karɓa. Baya ga CHRAJ, wato hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, da 'yan sanda, doka ta yarda ka kai wa sarki, ko babban danginku, ko shugaban addini. Ga kuma ofishin mai gabatar da ƙara na musamman kan cin hanci da aka yi dokarsa a 2017.

Abin da idonka ya gani za ka kai, ban da ji-ta-ji-ta, ban da huce haushi. Iyayenmu limamai da sarakunan zango, don Allah idan talaka ya zo muku da irin wannan magana, a rubuta ta, a ɓoye sunansa, a miƙa ta inda ya dace. Kada a sallame shi da "yi haƙuri, bar wa Allah."