Ku ƙyale Kingfish ya yi kiɗansa

To, ashe mun yi alƙalan kiɗan blues, tsohon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, a unguwa ban sani ba! Wai Kingfish, makaɗin jitar nan na Amurka, hayaniya kawai yake yi, wai kiɗan rock ne, wai blues ya bi shahararren makaɗinsa B.B. King kabari tun 2015. Sannu da fatawa, malam. Guntun bidiyo ka gani a waya, shi ke nan ka yanke wa ɗan garin Clarksdale hukunci.

Wannan ƙarar da ke damunku, daga coci ta fito. A 1999 aka haifi Kingfish, wato Christone Ingram, a Clarksdale ta jihar Mississippi, dangin mahaifiyarsa masu waƙa ne a coci, can kunnensa ya buɗe. Da ganga ya fara kafin ya kama jita. Duk wanda ya taɓa kallon ibadar baƙaƙen fata na kudancin Amurka ya san yadda abin yake: a soma a hankali, mai wa'azi ya jefa magana jama'a su amsa, ana hawa ana hawa har ɗakin ya ɗauka. To haka yaron nan yake kiɗa. Zai tura tsirkiya ɗaya sama da yatsa, ya runtse ido, ya riƙe ta tana kuka, sannan ya sauko daga dandamali ya ratsa cikin mutane bai daina kaɗawa ba. Coci ne wannan.

Wai B.B. bai yi haka ba. Haba! Shi B.B. ɗin a ina ya fara? A ƙungiyar mawaƙan coci, kuma wani fasto ne ya fara nuna masa inda ake ɗora yatsu. Sister Rosetta Tharpe fa? Da jitar lantarki take waƙoƙin bishara tun ba a san mawaƙin rock Elvis Presley ba. Ita ma hayaniya ce?

Wai kyautar waƙa ta Grammy ba hujja ba ce. Na ji, ku ajiye wadda faifansa mai suna 662 ya ci a 2022. Buddy Guy, dattijon makaɗin blues da ya ɗauke shi kamar ɗa, ya yi waƙa a faifansa na farko, shi ma bai san blues ba sai ku?

Wasa a gefe, abin yana min ciwo. Yaro ya koyi kiɗa a ajin yara na gidan tarihin blues, wato Delta Blues Museum, ya fitar da faifan farko a 2019, a ƙarshen shekarar mahaifiyarsa Princess ta rasu, wadda ita ke ɗawainiya da shi tun yana ƙarami. Ku saurari yadda yake kiɗa bayan nan, sannan ku zo ku ce min hayaniya ce. Daga coci ta fito, na faɗa na ƙara.

Af, kuma don Allah ku daina sauraron jita a lasifikar waya. Rabin rigimar nan daga nan take. Abin sawa a kunne nawa yake a kasuwa? Ni nawa ma gefe ɗaya ya mutu, sai na murɗa wayar na danne da babban yatsa yake kawowa.