"Bod ne ya ƙone": kwana 12 da kwamfutata a hannun mai gyara

Raina a ɓace yake, kuma wallahi ba zan haɗiye wannan ba. Akwai wata magana da wasu masu gyaran kwamfuta a garin nan na Jos suka mayar hanyar cin abinci: "Bod ne ya ƙone." Bod shi ne babban farantin cikin kwamfuta da duk sassanta ke haɗe a kai. Ka kai musu laftof ɗin da ta ƙi kunnuwa, ba za su ɗauko mita ba, ba za su kwance ko noti ɗaya ba. Maɓalli kawai za su danna sau biyu, su girgiza kai, su yanke maka hukunci.

Tawa Dell Latitude E6430 ce, ƙirar 2012, 'yar kwatano na saye ta. Da ita nake buga wa ɗaliban Jami'ar Jos furojet a ɗan shagona da ke titin Bauchi, da ita nake ciyar da iyalina. Batirinta ya daɗe da mutuwa, a kan caja take rayuwa. Wata Talata da safe, cikin sanyin hunturun nan mai sandarar da yatsu, na jona, na danna, shiru. Fanka ba ta juya ba, ko 'yar fitila ba ta ƙifta ba. A cikinta kuwa akwai babi na huɗu da na biyar na yara uku da za su miƙa wa malamansu a makon.

Na yi iya abin da na sani. Na cire batir, na zare caja, na danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30 don ragowar wutar da ke ciki ta fita. Na canza soket. Ba ta motsa ba. Sai na rungume ta na hau Keke zuwa wata filaza kusa da Taminus.

Mutumin da aka nuna mini ko zama bai ce in yi ba. Ya soka cajarsa, ya danna, ya ce, "Malam, bod ne. Wutar nan da ake kawowa da ƙarfi ta cinye shi." Na ce, "Injiniya, ba za ka buɗe ka duba ba?" Ya ce shekararsa goma a wannan aiki, da ido yake ganewa. Ya karɓi dubu uku kuɗin dubawa, alhali bai duba komai ba, ya ce bod dubu sittin, in ba da rabi a aika Legas. Na ce ba ni da shi a hannu. Ya ce to in bar ta, zai gwada wata dabara.

Daga nan aka shiga "gobe". Yau yaronsa ne ba ya nan, gobe babu wuta, jibi ya tafi ta'aziyya. Na kira har ya daina ɗauka. Yaran nan uku kullum suna bakin shagona, ɗaya har da hawaye, ni kuma ba ni da amsar da zan ba su. Na roƙe shi ko faifan ajiyar bayanan ya ciro mini in kwashe aikin mutane a wata kwamfuta, abin da a irin wannan ƙirar kwance noti ne kawai a zaro shi ta gefe. Ya ce an riga an wargaza ta, ba a taɓawa. Rana ta goma sha biyu na je na tsaya a kansa, na ce ko ta gyaru ko ba ta gyaru ba, yau zan tafi da abata. Ya miƙo mini ita murfin ƙasa na rawa, noti huɗu babu.

Wani abokin sana'ata ne ya haɗa ni da wani matashi a Farin Gada, tebur ɗaya gare shi a ƙarƙashin rumfa. A nan na ga yadda ake aiki, a nan kuma baƙin cikina ya ninku. Da farko cajata ya karɓa, ya ɗora mata mita: volt 19.5 cif, daidai da abin da ke rubuce a jikinta. Ya soka ta a kwamfutar, ya nuna mini shuɗiyar fitilar da ke bakin wayar. Ya ce, "Kawu, ka ga ba ta mutu ba? Da a ce akwai inda wuta ke haɗuwa a bod, da zarar an soka fitilar nan za ta ɗauke." Ya buɗe, ya zare ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ya goge bakinsa ya mayar. Ya gwada ɗan batirin nan mai kama da kwabo, wanda ke riƙe agogo, ya ce volt 3 ya kamata ya bayar, kuma bai yi nisa da hakan ba. Sannan ya bi wutar daga ramin caja zuwa ciki, sai ga shi ba ta wucewa. Wayar ramin cajar ce ta tsinke daga ciki, saboda shekaru ana soka ana zarewa. A wannan ƙirar ramin a kan 'yar waya yake, ana cire shi a sa wani ba tare da an taɓa bod da dalma ba. Ya ɗauko wani daga wata matacciyar kwamfuta ya sa. Fanka ta juya, allo ya kawo haske. Duka aikin bai kai minti 40 ba, kuɗin kaya da na hannu dubu shida.

Ke nan lafiyar bod ɗina ƙalau. Da na ba da dubu sittin ɗin nan, me zai faru? Zai canza wannan 'yar wayar, ya ce mini ga sabon bod daga Legas, in yi masa godiya har da addu'a. Mutum nawa aka yi wa haka? Ɗalibi nawa ya haƙura da kwamfutarsa, ya sayar da ita a matsayin gawa a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, saboda an ce masa gyaran ya fi ƙarfinta? Masu irin waɗannan tsofaffin na'urori ba don sha'awa muke riƙe da su ba. Kuɗin sabuwa ya fi ƙarfinmu, kuma masu wannan hali sun san da haka, shi ya sa suke cin karensu babu babbaka.

Abin bai tsaya nan ba. Da ta kunnu sai na ga tana jan ƙafa, Word ma sai ta yi tunani kafin ta buɗe. Muka duba: ram giga 4. Ni da kuɗina na ƙara mata ta zama giga 8, guda biyu masu hurhuɗu, a ramuka biyu. Yanzu rami ɗaya wayam. Matashin ya ce shi guda ɗaya ya tarar, kuma a gabana ya buɗe ta, idona a kan hannunsa. Wannan ba kuskure ba ne, ba rashin iya aiki ba ne. Sata ce, cin amana ne. Na ba ka kayana a kan yarda, ka riƙe mini sana'a kwana 12, ka jawo mini zubewar mutunci a gaban yaran da suka amince da ni, sannan ka zare abin da ke ciki?

Na koma wurin mai gyaran Taminus da ita a hannu. Ya kalle ni ido cikin ido ya ce, "Malam, haka ka kawo ta. Ina takardar da ta nuna giga 8 ce?" Shi da ko rasit bai ba ni ba ranar da ya karɓa, yau shi ke tambayata takarda! Maƙwabtan shagonsa duk suka sunkuyar da kai, babu wanda ya ce uffan.

Bai san ina da hoton allon da na ɗauka a waya ranar da aka ƙara ram ɗin ba, da kwanan wata a jiki, da saƙon da na tura wa wanda ya sayar mini. Na riga na samu shugaban masu shagunan filazar, ya ce mu zo ranar Litinin bayan azahar. Zan je da hoton, da matashin Farin Gada, da kwamfutar a buɗe. Ram ɗina nake so, da dubu ukuna, da noti huɗu.