Godiyata ba ta jiran allon maki

'Yan'uwa, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku. Akwai maganar da ta daɗe tana cina, yau dai zan amayar da ita.

Duk sanda na gaya wa mutanenmu cewa 'yata tana buga wa jami'arta ƙwallon kwando a nan Amurka, tambaya biyu ce ke biyowa. Ta farko: "An ɗauke muku kuɗin makaranta ke nan?" Ta biyu kuma a kan babbar gasar ƙwararrun 'yan wasan ƙwallon kwando mata ta Amurka ce: "Yaushe za ta shiga WNBA?" In na ce ba a ɗauke ba, kuma ba can ta dosa ba, sai murya ta yi sanyi, a ce mini "To, Allah ya sa a dace," kamar ana yi mini jaje. Ni kuwa ba abin jaje a gidana. Godiya ce fal a bakina.

Bari in ɗan warware yadda abin yake, don da yawa abin da suke gani a talabijin kaɗai suka sani. Hukumar NCAA, wadda ke kula da yawancin wasannin jami'o'in ƙasar nan, an kafa ta tun 1906, kuma a 1973 ta kasa makarantunta rukuni uku. Rukuni na ɗaya shi ne na manyan filaye da kyamarori, masu babbar gasar ƙwallon kwando ta watan Maris. Rukuni na uku, inda 'yata take, ba a ba ɗalibi ko sisin kwabo saboda wasa. In ya sami rangwame, to don ƙoƙarinsa a aji ne ko don halin da iyayensa ke ciki. Ɗalibai kusan rabin miliyan ne ke wasa a ƙarƙashin hukumar, amma waɗanda ke zama ƙwararru masu cin abinci da wasan ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. WNBA ɗin da ake tambayata, sababbin 'yan wasan da take zaɓa a shekara ba su kai 50 ba, daga duniya baki ɗaya.

To in sai an kai can za a gode wa Allah, sauran iyayen fa? Su yi shiru ke nan? Wannan ciniki ne muke yi da Ubangiji, mu ce ya biya tukuna kafin mu yaba. Manzo Bulus bai koya mana haka ba. Abin da ya rubuta wa Tasalonikawa shi ne a yi godiya a cikin kowane hali, kuma zaman benci ma hali ne.

Na ce benci don nan take fara yawancin wasanninta. Zauren wasansu ƙarami ne, kujerun katako ne, 'yan kallo iyaye ne da 'yan ajinsu, har kana jin ƙarar takalma a kan daɓe da numfashin yaran. Sai can tsakiyar zango na biyu koci ya waiga ya kira sunanta. Ta miƙe, ta tuɓe rigar sanyi, ta je gaban teburin masu rubuta maki ta durƙusa a kan gwiwa ɗaya tana jiran alƙalin wasa ya busa usur. Gwiwar nan da take durƙusawa a kai, ita ce wadda jijiyarta ta tsinke tun tana sakandare, aka yi mata aiki. Na ga yarinyar nan tana koyon taka matakala da sanduna, tana kuka a wurin gashi, tana ce wa uwarta, "Mama, ba zan iya ba." Uwar ta ce, "Za ki iya, 'yata, tashi mu sake." Yau gwiwar ce ke ɗauke da ita tana tsare 'yar wasan da ta fi ta tsawo. Ko ba ta jefa ƙwallo ko ɗaya a raga ba, ni na riga na ga abin da na zo gani. Hawaye kan zo mini a lokacin, ba na kuma ɓoye su.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In na dube ta a fili, gidanmu gaba ɗaya nake gani. Uwarta, wadda ta sha tashi da asuba cikin ƙanƙara ta kai ta atisaye, sannan ta wuce wurin aiki ba tare da ta runtsa ba. Yayanta, wanda ya yi ta tsayawa a ƙarƙashin raga a ƙofar gida yana miƙo mata ƙwallo har yatsunsa su sandare. Sai kuma kakarta a Jos. In an fara wasa ƙarfe 7 na yamma a nan gabashin Amurka lokacin hunturu, ƙarfe 1 na dare ne a Najeriya. Tsohuwar nan sai ta sa a yi mata cajin waya tun da rana, a saya mata data, ta zauna a bakin gado da mayafi tana kallo ta intanet. Ba ta san dokar wasan ba ko kaɗan, lambar rigar jikarta kawai take bi da ido. Gari na wayewa saƙon murya zai shigo: "Na gan ki, takwarata. Ubangiji ya tsare miki ƙafafunki." Lokacin aikin gwiwar, ita ta kai maganar gaban Zumuntar Mata, matan da ba su taɓa ganin yarinyar ido da ido ba suka yi ta roƙo dominta. Zabura 127 ta ce 'ya'ya gādo ne daga wurin Ubangiji. Ni na ƙara gane cewa masu taya ka riƙon gādon ma baiwa ce daga gare shi.

Wani abin kuma da ba na mantawa: matata ta iya gudu sosai tana 'yar makaranta a gida, amma aka ce ya isa, mace ba ta tsalle-tsalle a gaban jama'a. A nan, dokar da ake kira Title IX ta 1972 ce ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin maza da mata, ita ce ta buɗe wa 'yan mata ƙofar filin wasa. Amfanin ya kai har gida. D'Tigress, ƙungiyar ƙwallon kwandon mata ta Najeriya, da suka kai zagayen kwata fainal a gasar Olamfik ta Paris a 2024, karon farko ga wata ƙungiyar ƙwallon kwando daga Afirka, kocinsu Rena Wakama a jami'ar Amurka ta yi wasa. Idan matata tana ihu a kujerar 'yan kallo, na san ba don 'yarta kaɗai take yi ba.

Game da addu'a, ba na roƙon Allah ya ba mu nasara a kan ɗaya ƙungiyar. A wancan gefen zauren akwai wata uwa da ta sunkuyar da kai, ita ma da sunan Yesu take roƙo, 'yarta kuma ba ta fi tawa arha a wurinsa ba. Abin da nake roƙo shi ne yaran duka su fita lafiya, 'yata ta yi wasa da gaskiya, in ta ka da wata ta miƙa mata hannu, in an cire ta kada ta kumbura fuska, in abokiyarta ta fi ta haskawa ta tafa mata da zuciya ɗaya. Bulus ya gaya wa Timoti cewa horar da jiki tana da ɗan amfani, amma ibada tana da amfani ta kowace fuska. Bai ce wasa banza ba ne, ya dai ajiye shi a matsayinsa. Shi ya sa ranar Lahadin da suka dawo daga doguwar tafiya a mota cikin dare, ina kiranta in ji ko ta sami zuwa sujada, kuma wannan ya fi damuna a kan yawan mintocin da koci ya ba ta.

Na san kuɗi ya shigo harkar. Tun Yulin 2021 aka yarda ɗalibai su karɓi kuɗin talla da sunansu, kuma ba na ƙyashin wanda ya samu, guminsa ne. Ina dai jin tausayin yaron da iyayensa suka mayar da shi jari tun yana ɗan shekara 12, har ya zama in an ci su wasa yana tsoron shiga motar babansa. Ɗanka yana leƙo kujerun 'yan kallo yana neman fuskarka. Ya kamata abin da zai gani a ranar da ya zubar da ƙwallo ya zama daidai da na ranar da ya ci.

Baɗi in Ubangiji ya kai mu ita ce shekararta ta ƙarshe. Al'adarsu a nan, a wasan gida na ƙarshe akan kira kowane ɗalibi mai kammalawa, iyalinsa su rako shi har tsakiyar fili a ba shi furanni. Ta ce tana son kakarta ta riƙe mata hannu a ranar. Mun fara haɗa takardun biza, kun kuma san yadda lamarin yake a yanzu. Wanda ya tuna da mu, don Allah ya sa wannan a cikin addu'arsa.